Kilomita Biyar Na Bukatar Dandali: Ina Za A Sa Shi, Wa Zai Riƙe Shi?

Sanin kowa ne cewa in ana maganar ciniki a Bangi, to, Kilomita Biyar ake nufi. Manyan motocin da ke tasowa daga Duwala su biyo ta Garwa-Bulai da Buwar, da yawa daga cikinsu a nan suke sauke kaya, daga nan kuma kayan ke watsuwa cikin gari da ƙauyuka. Saboda haka ƙasa ta yi tsada a unguwar. Duk inda aka ga taku goma babu gini, kafin a ankara an kafa tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago. Wannan ba laifi ba ne, neman halal ne. Amma akwai waɗansu mazauna unguwar da ba su da tebur, ba su da rumfa, ba su kuma da bakin magana a taron manya, wato yara.

Mai karatu, fita bayan la'asar ka zaga lungunan Mamadu-Mbaiki ko Ramanji ko Kokoro, ka ga inda 'ya'yanmu ke wasa. A tsakiyar hanya ne. An aje duwatsu biyu a matsayin raga, ana buga ƙwallo ana kauce wa 'yan babur da masu tura kaya, in ƙwallo ta faɗa kwata a tura ƙaramin cikinsu ya tsamo. Filin Sagbado yana nan, gaskiya ne, da harabar makarantu, amma fili ɗaya ba ya isar gunduma guda, kuma in samari suka shiga, ƙanana sai kallo. 'Yan mata kuwa ba ma a lissafa su.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu fara maganar filin shaƙatawa na jama'a, wanda zai haɗa wurin wasannin motsa jiki, da wurin wasannin gargajiya da fasaha, da kuma sarari inda mutum zai zauna ya sha iska. Abin da nake so in jawo hankalinmu a kai shi ne, irin wannan aiki ba da siminti ake fara shi ba, ba kuma da zuwa roƙon ƙungiyoyin agaji ba. Da shawara ake farawa, a san fili, a san mai shi, a san wanda zai riƙe shi bayan an yanke ƙyalle kowa ya watse.

Me ya sa yanzu?

Yaron da aka haifa a unguwar nan a ƙarshen 2013 yanzu ya kai shekarun shiga sakandare. Mu tuna irin ƙuruciyar da ya yi. Tun daga harin 5 ga Disamba 2013, Kilomita Biyar ta zama tamkar kurkuku marar rufi: waɗanda ba su gudu Kamaru ko Cadi ba sun maƙale a ciki, harabar babban masallacin Kuduku ta cika da 'yan gudun hijira, tsallake gada kuwa sai wanda ya sayar da ransa. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Faransis ya zo masallacin, Liman Tijjani Musa Na'ibi ya tarbe shi, aka ɗan samu numfashi. Sai kuma tashin hankalin Afrilun 2018, sai faɗan Disamban 2019 tsakanin 'yan kasuwa da masu kiran kansu 'yan tsaron kai, wanda aka yi asarar rayuka da shaguna a cikinsa. Duk malamin da ya koyar da yaran waɗannan shekaru ya san su. Suna da kaifin hankali, amma ƙofa in ta buga da ƙarfi sai aji ya yi tsit, kuma da yawansu sun girma ba su taɓa yin wasa da yaron da ba Musulmi ba. Haka su ma yaran Fatima da Miskin, labarinmu kawai suke ji, kuma ba labari mai daɗi ba.

Dalili na biyu shi ne ƙasar kanta. Tun da hankali ya fara kwanciya gini ya dawo, musamman a unguwannin da ke bakin iyaka, waɗanda aka rushe a lokacin rikici. Fili kuwa in an ɗora masa bulo ya tafi ke nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da kakanninmu suka sani

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. A ƙasar Hausa kowane ƙauye yana da dandali, kuma dandali fili ɗaya ne mai ayyuka da yawa, lokaci ne kawai ke raba su. Da hantsi tsofaffi ne a gindin bishiya, ana dara ana saƙar igiya. Da yamma yara su yi langa da 'yar tsana. In farin wata ya fito 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi kokawa. Bayan girbi a yi dambe, da azumi a yi tashe, ranar salla kuwa gari duka a nan yake. Babu wanda ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke, kuma shi ya dace da unguwa mai matsi irin tamu. Lambun da ake shuka ciyawa a kewaye da waya a kafa allo a ce kada a taka, wannan na unguwar ma'aikatu ne. Mu dandali muke bukata, wanda aka ƙara wa daɓe da magudanar ruwa da fitila.

Takarda kafin tubali

Abu na farko shi ne fili, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ake iya ɓata aikin tun ba a fara ba. Mai wucewa ta gefen Fondo ko Yakite ko Bulata zai iya ganin kangaye da ciyawa ta rufe, ya ce ga fili nan banza. Ba banza ba ne. Kowane kango yana da mai shi. Wani Musulmi ne yana Garwa-Bulai ko Njamena yana jiran ranar dawowa, wani Kirista ne da ya koma wata unguwa yana haya, takardunsa sun ƙone tare da gidan. In aka gina filin wasa a kan gidan mutum ba da yardarsa ba, to, an shuka sabuwar gaba a wurin da ake neman kashe tsohuwa, kuma mu da muka san zafin a ƙwace wa mutum gida bai kamata a ji haka daga gare mu ba. Hanyoyin halal uku ne: filin hukuma wanda ma'aikatar magajin gari za ta keɓe, ko filin da aka saya daga masu shi da shaidu, ko wanda wani mai hali ya bayar waƙafi. Ko wanne ne, sai masu unguwanni sun zauna sun tabbatar babu mai da'awa, ma'aikatan awon filaye sun kafa turakun siminti a kusurwoyi, an kuma fitar da takardar mallaka wadda ta faɗi ƙarara cewa wurin na jama'a ne, ba a sayarwa, ba a yanka shi.

Wanda ya san Kano ya san dalilin wannan nacin. Birnin yana da kududdufai da yawa a da, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan damina. Da yake ba na kowa ba ne, sai aka yi ta cike su da shara, aka yanka, aka gina. Yanzu in an yi ruwa mai ƙarfi ruwan na neman tsohon gidansa, sai ya same shi a ɗakunan mutane. A Nairobi kuwa, a 1989, gwamnati da kanta ta so ta kafa bene mai hawa 60 a cikin filin shaƙatawa na Uhuru. Wangari Maathai ta tsaya kai da fata, aka zage ta har a majalisa, amma masu ba da kuɗin suka janye, filin ya tsira. Matar nan ita ce ta samu lambar yabo ta Nobel a 2004. In filin da ke tsakiyar babban birni sai da aka yi masa irin wannan yaƙi, ina ga namu da ke maƙwabtaka da kasuwa?

Sai kuma inda za a sa shi. Zuciya za ta ce a tsakiyar unguwa, kusa da masallaci, inda hankalin iyaye zai kwanta. Ni ra'ayina a bakin iyaka ya kamata, inda yaron Kilomita Biyar da yaron wata unguwa za su iso da ƙafa ba tare da ɗayansu ya ji ya shiga ƙasar wani ba, kuma ya kasance yana da ƙofa ta kowane ɓangare. Wani zai ce wannan mafarki ne. To, mu tuna maƙabartar Boyin. Fiye da shekara biyu Musulmi ba sa iya kai gawa can, har ana binne mamata a cikin gidaje. A watan Fabrairu na 2016, bayan zama da yawa, mutanen gunduma ta uku da na Boyin suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, hanya ta buɗe. Mutanen da suka iya daidaitawa a kan wurin kwanciyar matattu, ba za su kasa daidaitawa a kan wurin wasan yara ba. Marigayi Liman Umar Kobin Layama da Kadinal Nzapalainga da Fasto Gerekoyame sun riga sun nuna mana yadda ake zama a tabarma ɗaya.

Ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando?

In aka tara samari aka tambaye su me suke so, baki ɗaya za su ce filin ƙwallon ƙafa. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Cikakken filin ƙwallon ƙafa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140, kuma mutum 22 ne ke wasa a kansa. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, wato 420. Ke nan a ƙasar da filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ci, za a iya shimfiɗa na kwando 17. Unguwar da ba za ta samu ko hekta ɗaya a haɗe ba, ba ta da halin wannan almubazzaranci. Babban wasa a bar wa Sagbado, a gyara shi, da kuma babban filin wasa na Batelemi Boganda.

Abin da ya fi dacewa shi ne daɓe ɗaya mai mita 40 da 20. A kansa za a yi ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar, da ƙwallon hannu, a ja layi da fenti na wani launi a yi ƙwallon kwando, a kafa sanda biyu a yi ƙwallon raga, wadda mita 18 da 9 kawai take bukata. A shimfiɗa shi kudu da arewa, don kada ranar yamma ta riƙa dukan idon 'yan wasa. Kada kuma a raina kwando. Ƙasar nan ta ci kofin Afirka sau biyu, a 1974 a nan Bangi, da 1987 a Tunis, abin da ƙwallon ƙafarmu ba ta taɓa yi ba. Romain Sato, wanda ya yi wasa a Amurka da Italiya da Sifen, ɗan Bimbo ne, nan bayan gidanmu.

'Yan mata sai an rubuta musu lokacinsu a allo, in ba haka ba ba za su taɓa samu ba. A keɓe musu yamma biyu ko uku a mako, da mace mai horarwa, da wurin sauya tufafi mai ƙofa. Uba ba zai bar 'yarsa ta je inda samari suka yi dafifi suna kallo ba, kuma yana da gaskiyarsa. In aka yi tsari da mutunci, iyaye da yawa za su yarda. Ƙananan yara su ma a ba su kusurwarsu mai yashi da lilo, nesa da inda ƙwallo ke faɗawa, kusa da bencin da uwa ko kaka za ta zauna.

Ruwa

Ruwan saman da ke sauka a Bangi a shekara ya kai wajen milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina na ɗaukar fiye da rabin shekara. Ba mu manta da ambaliyar Oktoban 2019 ba, lokacin da kogin Ubangi ya cika ya raba dubban mutane da gidajensu. Filin da ba a yi wa hanyar ruwa ba, wata shida tafki ne, gidan sauro. Dole a ɗaga daɓen, a ɗan karkata shi, kamar santimita ɗaya a kowace mita, ruwa ya gangara cikin magudana. Sauran filin kada a shafe shi da siminti, a bar jar ƙasa da tsakuwa da ciyawa su sha ruwa.

Akwai darasi a Kibera, unguwar talakawa mai cunkoso a Nairobi. Tun 2006 wata ƙungiya mai suna Kounkuey Design Initiative ke aiki da mazauna wurin. Ba babban lambu ɗaya suka yi ba. Ƙananan wurare suke ɗauka a bakin rafi, inda ake zubar da shara ruwa kuma na cin gaɓa, su ɗaure gaɓar da duwatsu cikin ragar ƙarfe, su sa wurin wasan yara da ban-ɗaki da famfo da zauren taro, ƙungiyar unguwa ta riƙe. Juji ma fili ne. Lambun Azhar na Alƙahira, wanda aka buɗe a 2005, hekta 30 ne, kuma a kan tarin sharar da ta yi shekara 500 aka gina shi. Kuɗin Gidauniyar Aga Khan ne ya yi wannan, mu ba mu da irinsu, amma jujin da ke bakin magudanan unguwarmu bai kai na Alƙahira ba. In fili ɗaya babba ya gagara, uku ƙanana sun fi babu.

Dandamali da maganar kiɗa

Ɓangaren fasaha ba ya bukatar gini mai tsada. Dandamalin siminti mai tsayin gwiwa, da rufin kwano, da ɗan ɗaki mai kulle na ajiye kujeru da lasifika, sun isa. A nan ɗalibai za su yi wasan kwaikwayo da Sango da Hausa da Faransanci, a yi musabaƙar Alƙur'ani, a yi gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, a nuna majigi. Yaranmu da yawa Sango ta fi zama a bakinsu, Hausa sai ta gaisuwa da ciniki, tatsuniya da karin magana kuwa suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Daren tatsuniya ɗaya a wata zai yi aikin da littafi ba zai yi ba. A gefe kuma a zuba yashi a kewaye da buhuna don kokawa. A Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wannan da'irar yashin ce ke tsayar da ƙasar cak kowace shekara.

Sai dai kada mu ɓoye wa juna, kiɗa zai jawo magana. Maƙwabtanmu za su so su kawo motengene su taka, waɗansu malamanmu kuwa ko kalangu ba sa son ji. In ba a yanke wannan tun farko ba, ranar farko da aka kunna lasifika za a yi rigima. A rubuta ƙa'ida kowa ya sa hannu: a kashe sauti lokacin salla da lokacin addu'ar coci in tana kusa, a tsayar da ƙarfen da za a tashi da dare, ba giya, ba caca, ba makami ko da wuƙar aljihu ce, ba kuma wa'azin zagin wani addini ko taron jam'iyya. Wanda bai son kiɗa ya san ranarsa ya ƙaurace, kamar yadda ake yi a bikin maƙwabci.

Kashi ɗaya cikin uku na filin, ko fiye, a bar shi babu komai. Wannan shi ne zai fi wuyar karewa, domin ido ba ya son ganin sarari, kowa zai zo da abin da yake so a kafa. Amma a nan za a yi sallar Idi in masallaci ya cika, da ɗaurin aure, da zaman makoki, da allurar rigakafi, nan ne kuma jama'a za su tsaya in gobara ta tashi a kasuwa. A kewaye shi da itatuwa. Mangwaro shi ne adon Bangi, inuwarsa ba ta da na biyu, amma duk wanda ya yi aiki a makarantar da ke da mangwaro ya san lokacin nunarsa ruwan duwatsu ake yi, don haka a nisanta shi da wurin ƙanana da rufin kwano. A dasa tun farkon damina, a sa wa kowane dashe kariya saboda awaki, a kuma damƙa kowanne a hannun aji guda su riƙa ba shi ruwa da rani.

Wa zai share, wa zai riƙe mabuɗi?

Mun sha ganin ayyukan da aka buɗe da tafi da jawabi, bayan shekara biyu famfo ya mutu, kwando ya karye, an kwance ƙofa. Mai bayarwa ya gama nasa ya tafi. Saboda haka kafin a nemi sefa ko ɗaya ta gini, a lissafa kuɗin riƙo na wata: mai gadi, mai shara, kwashe masai, fenti, batirin fitilu masu aiki da hasken rana, tun da wutar gari ba abin dogaro ba ce. Shiga filin ya zama kyauta, domin in aka sa ko dala biyar a ƙofa an kori yaran da aka yi dominsu. Kuɗi su fito daga ban-ɗaki da wurin wanka, waɗanda 'yan kasuwa da fatake za su biya da murna, da sayar da ruwa, da hayar dandamali ga masu biki. Masu sayar da ƙosai da shayi a ba su wuri ƙidayayye a wajen shinge, da tebur da ake ɗaukewa da dare. Ranar da aka bar mutum ɗaya ya kafa kwano a ciki, ranar aka fara sabuwar kasuwa.

Kwamitin riƙo ya haɗa masu unguwanni na ɓangarorin biyu, da liman da fasto ko fada, da wakilin 'yan kasuwa, da mata aƙalla biyu, da matasa, da malamin makaranta. A riƙa sauya su bayan shekara biyu. Kuɗi su shiga asusu mai sa hannun mutum uku, a kuma liƙa lissafi a ƙofa kowane wata. Abu ɗaya kuma da ba za a yi sassauci a kansa ba: kada a damƙa tsaron wurin ga wani gungun samari, kome kyan niyyarsu. Waɗanda suka addabi kasuwa da haraji har aka kai ga Disamban 2019, da sunan kare unguwa suka fara. Mai gadi ya zama ma'aikaci mai albashi wanda kwamiti zai iya sallama, abin da ya fi ƙarfinsa kuma a kai wa 'yan sanda.

Akwai aikin da za a iya farawa ba da kuɗin kowa ba. Malaman ajin ƙarshe na firamare, na makarantun gwamnati da na Islamiyya da na mishan, su ɗauki ɗalibansu da igiya mai ƙulli a kowace mita, su auna duk wani sarari da juji da ke kusa da makarantarsu, su zana a takarda, mai unguwa ya faɗi mai kowane wuri. A yi awon da rani, sa'an nan a koma tsakanin Agusta da Oktoba, washegarin ruwa mai ƙarfi, a sa alama a inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya wuce. Waɗannan takardu su za a ɗauka a kai wa magajin garin gunduma ta uku.